Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamfanin Liebherr Mai Ƙera Ƙugiyar Gini

Tun lokacin da aka rushe tsohuwar gadar Kawo aka shiga sake gina ta, har zuwa buɗe sabuwar a farkon 2022, idon mutanen Kaduna ya saba da manyan injunan ɗaga kaya a bakin titi, kuma tambayoyin da ɗalibai da ƙananan 'yan kwangila ke yi mini a kansu suka ƙaru. Sunan da ya fi fitowa a cikin tambayoyin shi ne Liebherr, don haka na tattara su a nan tare da amsoshinsu.

Me ake nufi da ƙugiya, kuma iri nawa ce?

A bakin ma'aikatan gini sunanta kiren, a rediyo da jarida kuma an fi cewa ƙugiya, saboda ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke rataye a ƙarshen igiyarta. Iri uku ne suka fi shahara a wurin gini. Akwai ta hasumiya, wadda ake kafawa a tsaye kusa da dogon bene, hannunta a miƙe yana zagayawa. Akwai ta mota, mai tayoyi, wadda ke zuwa da ƙafarta ta yi aiki ta koma, hannunta yana zuƙewa yana miƙewa gaɓa cikin gaɓa. Sai kuma mai tafiya a kan sarƙa kamar tankar yaƙi, wadda ake kawowa gunduwa-gunduwa a kan tireloli a haɗa ta a wurin aiki. Ƙaramar nan da ke maƙale a bayan babbar mota, wadda direbobi ke kira hayab, sunan wani kamfanin ƙasar Suwidin ne, Hiab, ya bi ta, kamar dai yadda sunan Caterpillar ya zama katafila a bakinmu.

Wa ya kafa Liebherr, kuma a ina?

Wani magini ne Bajamushe mai suna Hans Liebherr, wanda aka haifa a 1915 a garin Kaufbeuren. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya tashi a hannun mijin mahaifiyarsa, wanda ke da ɗan ƙaramin kamfanin gini a ƙauyen Kirchdorf da ke bakin kogin Iller a kudancin Jamus. A nan ya koyi sana'ar, kuma a 1938 ya ci jarrabawar zama cikakken magini ya karɓi ragamar kamfanin, kafin a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu.

Da ya dawo ya tarar da ƙasar da bama-bamai suka mayar da biranenta kufai, ana neman gidaje ido rufe, ga ƙarancin ƙarti majiya ƙarfi domin yaƙi ya cinye su. Ƙugiyoyin da ake da su a lokacin manya ne masu tsada, haɗa guda ɗaya yana cin kwanaki, don haka ba su da amfani ga mai gina gida hawa biyu ko uku. A 1949 shi da wasu 'yan maƙera da injiniyoyi suka ƙera wata ƙugiyar hasumiya da suka sa wa suna TK 10, wadda ake iya janta zuwa wurin aiki a kafa ta cikin 'yan sa'o'i, kuma a watan Agusta na shekarar ya sami takardar mallakar fasaharta. Daga wannan shekara ake ƙirga tarihin kamfanin. Ya kai ta bajekolin birnin Frankfurt, mutane suka yi ta kallo amma bai dawo da ciniki ba. Duk da haka ya ci gaba da ƙerawa, kuma ba a jima ba maginan ƙasar suka fara aiko da oda.

Ke nan shi ne ya ƙirƙiro ƙugiyar hasumiya?

A'a, an riga shi. Kamfanin Wolff na garin Heilbronn ya nuna tasa ƙugiyar hasumiyar tun 1913, kuma a Faransa Faustin Potain ya kafa nasa kamfanin kayan gini a 1928, wanda daga baya ya zama babban abokin hamayyar Liebherr. Abin da Hans Liebherr ya kawo shi ne sauƙi da araha, wato injin da ƙaramin ɗan kwangila zai iya saya, ya kafa da safe ya fara aiki kafin azahar, ya kuma naɗe shi ya tafi wani wurin idan ya gama. A ganina wannan ne mabuɗin tarihin gaba ɗaya. Mutumin ya taɓa tsayawa a wurin gini yana lissafin kuɗin leburori da kwanakin da suka rage masa, shi ya sa ya san ainihin inda ke yi wa magini ƙaiƙayi.

Yaya aka yi ƙaramin kamfanin ƙauye ya bunƙasa haka?

Kusan duk wani sabon reshe na kamfanin ya samo asali ne daga wata matsala da ta taso masa a cikin aikinsa. Ƙugiya ba ta juyawa sai da ƙarafa masu haƙora na akwatin giya, su kuwa sun yi wuya a Jamus ta bayan yaƙi, sai ya fara ƙera injunan yanka su da kansa a farkon shekarun 1950, abin da ya zama sana'a mai zaman kanta da har yau ake yi a garin Kempten. A 1953 ya yi hayar injin haƙa ƙasa mai aiki da igiyoyin ƙarfe, ya ga nauyinsa ya yi yawa ƙarfinsa kuma kaɗan, sai ya ƙera nasa mai aiki da matsin mai, wato haidurolik, mai suna L 300, wanda ke cikin na farko-farko a Turai. A 1954 aka buɗe masana'antar garin Biberach, wadda ta zama gidan ƙugiyoyin hasumiya, sannan injunan kwaɓa kankare suka biyo baya a Bad Schussenried.

Wannan ɗabi'a ta ƙin dogaro da wani a kan muhimmin ɓangaren inji ba ta bar kamfanin ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 yake ƙera nasa injunan dizal a garin Bulle na ƙasar Suwizalan, yana kuma ƙera nasa famfunan haidurolik, da manyan zobban ƙarfe da ƙugiya ke juyawa a kansu, da na'urorin lantarki masu sarrafa ta. Amfanin hakan ga mai saye shi ne ɓangarorin sun dace da juna kuma wuri ɗaya ake zuwa idan an sami matsala. Illarsa, wadda duk bakanike ya sani, ita ce ba kowane kayan gyara na kasuwa ne ke shiga injin ba, kuma na asalin ba ya araha.

Firjin da ake gani da sunan Liebherr, na wannan kamfanin ne?

Nasa ne. A 1954 ya fara ƙera firji a garin Ochsenhausen, a lokacin da gidaje kaɗan ne a Jamus suka mallake shi. Yana kuma ƙera kayan jiragen sama tun 1960 a Lindenberg, irin su ƙafafun sauka da na'urorin sanyaya iskar cikin jirgi, yana da otal-otal, yana kuma ƙera motocin haƙar ma'adinai da ke ɗaukar fiye da tan 360 a sahu ɗaya.

Yaushe ya fita ƙasashen waje, kuma me ya kai hedikwatarsa Suwizalan?

Ya fita da wuri. A 1958 ya kafa masana'anta a garin Killarney na ƙasar Ailan, inda a yau ake ƙera manyan ƙugiyoyin da ke sauke kwantena daga jiragen ruwa, kuma a shekarar ce ya shiga Afirka ta Kudu. Ostiriya ta biyo baya a 1960, Colmar ta Faransa a 1961, Newport News ta Amurka a 1970, sai Birazil a shekarun 1970. Dalilin bai wuce lissafi ba, domin ƙugiya tarin ƙarfe ce mai nauyi, kuɗin dakonta da harajin kwastan suna iya cinye ribar, saboda haka ya fi sauƙi a ƙera ta kusa da kasuwa.

A 1983 aka kafa uwar kamfani mai suna Liebherr-International a Bulle ta ƙasar Suwizalan, wadda duk rassan ke ƙarƙashinta. An danganta ƙaurar da batun harajin gado na Jamus, wanda zai iya tilasta wa magada sayar da wani kaso na kamfanin domin su biya. Yawancin manyan masana'antun dai suna nan a kudancin Jamus da Ostiriya.

Ina ake ƙera na mota, kuma wacce ce ta fi girma?

A garin Ehingen, inda aka buɗe masana'anta a 1969. A 1977 ta fitar da LTM 1025, mai iya gudu a kan kwalta ta kuma shiga cikin turɓaya da taɓo na wurin gini, kuma daga ita ne zuriyar LTM ta yaɗu. Sanin yadda ake karanta lambar yana da amfani ga mai haya. Idan aka rubuta LTM 1100-4.2, a cire lamba 1 ta farko, 100 da ta rage ita ce iyakar tan da take ɗagawa, 4 yawan layukan tayoyinta, 2 kuma na nufin samfuri na biyu. Masu tafiya a kan sarƙa da LR suke farawa.

A 2007 aka nuna LTM 11200-9.1 a bajekolin Bauma da ake yi a birnin Munich duk bayan shekara uku. Tana da layin tayoyi 9, hannunta yana miƙewa har mita 100, tana kuma ɗaga tan 1,200. A 2010 LR 13000 ta fito, mai ɗaga tan 3,000. Domin a ji nauyin a jika, buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan ɗaya, tirela mai buhu 600 kuma tan 30 ke nan. Tan 1,200 daidai yake da lodin tirela 40, tan 3,000 kuwa lodin tirela 100. Irin waɗannan ba na gina gidaje ba ne, ana amfani da su ne a matatun mai da tashoshin lantarki da wajen kafa fankokin samar da wuta daga iska.

Idan an ce ƙugiya mai tan 50 ce, tana ɗaga tan 50 a ko'ina?

Ba ta yi, kuma wannan ne kuskuren da ya fi jawo asara a wuraren aikinmu. Lambar da ke jikinta tana nufin abin da za ta ɗaga idan kayan yana dab da ita, hannunta a zuƙe, ƙafafunta huɗu na ƙarfe da take dogarawa a kansu a miƙe gaba ɗaya, an kuma ɗora mata dukkan ƙarafan nauyi na baya. Da zarar kayan ya yi nisa ƙarfin yana raguwa, domin abin da ke neman kifar da ita shi ne nauyi sau nisa. Duk wanda ya taɓa riƙe bokitin ruwa a jikinsa sannan ya gwada miƙe hannu da shi ya san wannan. A lissafi mai sauƙi, ƙugiyar da ke riƙe tan 10 a nisan mita 10 ba za ta wuce tan 2 ba a nisan mita 50, kuma a zahiri ma abin ya kan gaza haka saboda nauyin hannun kansa. Kowace ƙugiya tana zuwa da jadawalin nauyi da ke nuna abin da aka yarda a ɗaga a kowane nisa, na zamani kuma suna da kwamfutar da ke tsayar da aiki idan an kusa iyaka.

Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafun ma tana cikin lissafin. Wata shekara a cikin watan Agusta mun yi hayar ƙugiyar mota domin ɗora janareta a kan dakalinsa a wani fili da ba shi da nisa da Kogin Kaduna. An kwana ana ruwa, saman ƙasar ya bushe da hantsi amma cikinta a jiƙe yake. Direban, dattijo ne mai furfura, ya sauko ya taka wurin da diddigensa ya ce, "Injiniya, wannan ƙasar ba za ta riƙe ni ba, a samo katakai." Mai aikin yana sauri, ya ce, "Haba Baba, minti goma ne fa." Aka shimfiɗa 'yan guntayen katako biyu aka fara. Janaretan bai fi taku biyu daga ƙasa ba sai muka ga ƙafar baya ta hagu tana nutsewa a hankali, katakon yana ƙara, laka tana fitowa ta gefensa. Dattijon ya sauke kayan a natse ya kashe inji, bai ce da kowa komai ba. Sai da aka kawo manyan katakai aka jera su gicciye sannan aka gama, bayan la'asar.

Yaya ƙugiyar hasumiya ke ƙara tsawo, kuma me ya sa ake ganin tana juyawa ba kowa a ciki?

Ita ke ɗaga kanta. Akwai wani keji na ƙarfe da ke kewaye da hasumiyar a ƙasan ɗakin direba, mai ɗauke da jak na haidurolik. Jak ɗin yana tura saman ƙugiyar sama har a sami gurbi, sai ƙugiyar ta ɗauko sabuwar gaɓa daga ƙasa a zura ta cikin gurbin a ɗaure da kusoshi, a haka ake bin ginin hawa bayan hawa, ana ɗaure hasumiyar da jikinsa. Juyawar da take yi bayan an tashi aiki kuwa da gangan ne. Ana sakin birkin ne domin hannun ya bi iska, don idan aka kulle shi iska za ta buge shi ta gefe da dukkan ƙarfinta. Yawancin irinsu ana daina aiki da su idan gudun iska ya kai wajen kilomita 72 a sa'a, kuma duk wanda ya san guguwar farkon damina a Kaduna, mai kwashe rufin kwano cikin ɗan lokaci, ya san ba a jiran sai ta iso.

Gaskiya ne ƙugiyar da ta faɗi a Harami a 2015 ta wannan kamfanin ce?

Gaskiya ne. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, a ƙarshen watan Zulƙida, ana dab da fara aikin Hajji, wata ƙugiya samfurin LR 11350 ta faɗo cikin Masallacin Harami na Makka da yamma a lokacin da ake ruwa da iska mai ƙarfi. Mutum 111 suka rasu, kusan 400 suka jikkata, kuma akwai alhazan Najeriya a cikin mamatan, Allah ya jiƙansu. Kamfanin gine-gine na Saudi Binladin ne ke amfani da ita a aikin faɗaɗa masallacin. Kwamitin binciken hukumomin Saudiyya ya gano cewa an bar hannun ƙugiyar a tsaye a yanayin da ya saɓa wa umarnin masu ƙerawa, su ma injiniyoyin Liebherr da suka je wurin suka ce ba a tsare hannun daga iska yadda littafin aikin ya tanada ba. Sarki Salman ya dakatar da ba kamfanin ginin sababbin kwangiloli na wani lokaci, ya kuma ba da umarnin biyan diyya ga iyalan mamatan. Irin wannan ƙugiya ba ta da damar bin iska kamar ta hasumiya, dole ne a kwantar da dogon hannunta idan ba a aiki.

Wa ke riƙe da kamfanin yanzu, kuma yaya girmansa?

Hans Liebherr ya rasu a 1993, 'ya'yansa, ciki har da Willi da Isolde, suka ci gaba da jagoranci, yanzu kuma jikoki ne ke kan gaba. Har yau dukkan hannun jarin na iyalin ne, ba a sayar da shi a kasuwar hannun jari. A 2023 cinikinsa ya haura Yuro biliyan 14, ma'aikatansa kuma sun wuce 50,000. Ina ganin zaman kamfanin a hannun dangi ya ba shi damar haƙuri da aikin da ba ya kawo riba sai bayan shekaru, ko da yake mu nan mun ga kamfanoni da yawa da suka watse ranar rabon gado, don haka dangantaka ita kaɗai ba ta isa bayani ba.

Ina matsayinsa a gaban kamfanonin ƙasar Sin?

Gasar ta yi zafi. XCMG da Zoomlion da Sany suna ƙera ƙugiyoyi masu yawan gaske a farashi mai rahusa, kuma kamfanonin gine-ginen Sin da ke aiki a Najeriya, irin CCECC da ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016, sun saba zuwa da kayan aikin ƙasarsu. Tsofaffin sunaye da dama sun sauya hannu. Manitowoc na Amurka ya sayi Potain a 2001, Tadano na Japan kuma ya sayi sashen ƙugiyoyin mota na Demag a 2019. Liebherr ya amsa da buɗe masana'antu a wurare irin su Indiya da Sin, da kuma sababbin fasahohi, kamar igiyar zare mai ƙarfi da ta maye gurbin ta ƙarfe a wasu ƙugiyoyin hasumiya tun 2019, wadda rashin nauyinta ke ƙara abin da za a iya ɗagawa. Ga ɗan kwangilar da ke biya da naira, tazarar farashin ba abin rainawa ba ce, kuma ba zan ce wanda ya sayi na Sin ya yi kuskure ba, muddin ya tabbatar da inda zai sami kayan gyara.

Me ya sa ba a cika ganin ƙugiyar hasumiya a Kaduna ba?

Garin a faɗi yake girma, ba a tsawo ba, kuma in ban da 'yan dogayen benaye na tsakiyar gari, yawancin gine-ginenmu ba su wuce hawa biyu ko uku. A irin wannan tsawo kwanon sarki ya fi araha. Ranar zuba dakin, wato kankaren saman bene, za ka ga leburori talatin ko arba'in sun yi layi a kan matakalar katako, kowa da kwanon kankare a ka, injin kwaɓawa yana ruri a ƙasa tun asuba. Lissafin da ya sa Hans Liebherr ƙera TK 10, wato aiki da yawa ma'aikata kaɗan, a nan a juye yake. Ga kuma buƙatar wutar lantarki mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, abin da ke nufin babban janareta da dizal kullum. Shi ya sa kasuwarmu ta ƙugiyar mota ce, wadda ake haya na yini ɗaya ko biyu domin ɗora bim ɗin gada, ko taransifoma, ko tankin ruwa, ko injin masana'anta a Kakuri.

Wanda zai sayi tsohuwa ta hannu, me ya kamata ya duba?

Ya fara da lambar jikin injin da shekarar ƙerawa, domin da su ake neman kayan gyara, sannan ya nemi littafin aiki da jadawalin nauyi na wannan samfurin takamaimai, ba na mai kama da shi ba. Ya sa a miƙe hannun gaba ɗaya a duba kowace gaɓa, musamman wurin da aka yi sabon fenti, domin ƙarfen hannun ƙugiya na musamman ne kuma walda irin ta bakin titi tana raunana shi. Masu sana'a a Panteka gwanaye ne wajen ƙera abubuwa da yawa, amma gyaran hannun da ya tsage ba aikin da za a kai can ba ne. A duba igiyar ko akwai zaruruwan da suka tsinke, a duba zoben juyawa ko yana girgiza, a duba silinda ko suna yoyon mai. A tabbatar cewa na'urar da ke tsayar da aiki idan nauyi ya yi yawa tana aiki, domin akwai masu haɗe wayoyinta don kada ta dame su. Injin da aka ƙera domin Turai a 'yan shekarun nan yana son dizal mai tsabta ƙwarai, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri, don haka a sa kuɗin matatu a cikin lissafi tun farko. Daga ƙarshe a gwada ta da nauyin da aka san awonsa, a gaban mai saye, kafin a biya kuɗi.